Mai son rawa ta zama sana'arsa, me zai samu a jami'a?

Wannan tambaya ta fi zuwa mini a lokacin da ake cike fam ɗin JAMB, kuma galibi daga bakin samari 'ya'yan Hausawan Agege da Mile 12 waɗanda aka haifa a nan Legas, suka tashi da Hausa a gida, Yarabanci a layi, Turanci a makaranta. Sun san na karanci wasan kwaikwayo a jami'a, sun kuma san ina koyarwa a sakandare tare da tsara wa ƙungiyoyi raye-raye idan aiki ya samu, shi ya sa suke ganin ni zan iya gaya musu ko akwai ribar mutum ya shafe shekaru huɗu yana karatu alhali abin da yake so shi ne ya yi rawa a biya shi. Amsar da nake ba su ita ce akwai riba, sai dai ba a inda suke nemanta take ba. Ƙwarewar ƙafa a wani wurin ake samun yawancinta. Abin da jami'a take iya yi wa wanda ya riga ya fara rawa shi ne ta shirya shi ya zama mai aikin, wanda yake tsarawa, yake koyarwa, yake sa hannu a yarjejeniya, maimakon ya ƙare a layin waɗanda ake ɗauka yau a sallama gobe.

Abu na farko da ya kamata mai wannan niyya ya sani shi ne, a mafi yawan jami'o'in Najeriya rawa ba ta da sashe nata na kanta. A Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, ana samun ta ne a cikin karatun wasan kwaikwayo, wanda ya daɗe a ƙarƙashin inuwa ɗaya da kiɗa da zane-zane. A Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wadda ta zo a 1983, nan ma a haɗe take da wasan kwaikwayo. Tushen tsarin yana Ibadan, inda aka buɗe makarantar wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960, ta zama cikakken sashe a 1970, sauran jami'o'i kuma suka bi sahu. Zariya ta fara nata a 1975, Ilori ta gina nata a kan wasa da kiɗa da rawa, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano ita ma ta buɗe nata. Wannan ya sha bamban da Jami'ar Gana da ke Legon, inda nazarin rawa yake da sashe sukutum, ko Amurka, inda Jami'ar Wisconsin ta mayar da rawa fannin digiri tun 1926.

Ma'anar haka a aikace ita ce ɗalibin da ya shiga don rawa zai raba lokacinsa da darussan fitowa a wasa, da ba da umarni, da rubutun wasa, da tarihin dandamali tun daga Girka ta dā har zuwa ƙungiyoyin wasan Yarabawa masu yawo gari-gari, da hasken wuta, da sutura, da gudanar da gidan wasa, ga kuma darussan gama-gari da jami'a take ɗora wa kowa. Sai a shekara ta uku ko ta huɗu ne yawanci ake ba shi damar karkata ga fannin da ya fi so. Tun kafin a kai ga nan ma akwai shingen da yake kayar da yaranmu da yawa, wato adabin Turanci. Ana bukatarsa a sakamakon WAEC ko NECO, ana kuma bukatarsa a jarrabawar JAMB, kuma yaron da ya bi abokansa ajin kimiyya ko na kasuwanci a aji huɗu na sakandare yakan wayi gari ƙofar ta rufe masa ba tare da ya sani ba.

Sai batun awoyi, wanda shi ne ya fi komai nauyi ga mai neman sana'a. A makarantun da aka gina musamman don horar da masu rawa, ɗalibi yakan buɗe kowace safiya da darasin motsa jiki na kusan awa ɗaya da rabi, kwana biyar ko shida a mako, sannan a shiga atisaye. Jami'a a nan ba ta iya ba da wannan, kuma ba don shi aka tsara ta ba. Darasin rawa na aikace 'yan awoyi ne a mako, ajin kuma cike yake da ɗaliban da suka zo don fim ko rubutu, waɗanda burinsu kawai su ci jarrabawa su wuce. Malami ba zai iya barin mutum hamsin ya tsaya a kan mutum uku masu hazaƙa ba. Saboda haka duk ɗalibin da na sani ya fita ya zama ƙwararre yana da makaranta ta biyu a wajen jami'a, kuma Legas ta fi kowane gari a ƙasar nan irin waɗannan wurare. A Bariga, maƙwabciyar Akoka, Segun Adefila yana tafiyar da Crown Troupe tun 1996, kuma unguwar ta cika da ƙananan ƙungiyoyi masu atisaye kullum. Qudus Onikeku ya buɗe cibiyar QDance a 2014 bayan ya dawo daga karatu da aiki a Faransa. Akwai SPAN, ƙungiyar da take koyar da rawa da kiɗa, akwai kuma makarantar Leap of Dance a ɓangaren Ojo, wadda duniya ta san ta a 2020 lokacin da bidiyon wani ɗalibinta yana rawar bale ba takalmi cikin ruwan sama ya zagaya intanet. Ɗalibin da ya zauna a harabar jami'a yana jiran jadawali ya mayar da shi gwani zai fita da takarda, jikinsa kuma yana nan yadda ya shiga da shi.

Ga kuma lissafin shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mafi yawan masu rawar dandamali sukan fara ja da baya ne a shekarunsu na talatin da wani abu, lokacin da likita ko lauya yake fara kama ƙasa. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye kusan watanni tara a 2020, ya sake cinye takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yaron da ya shiga yana da shekara 18 yana iya fitowa yana da 23 ko 24, ya ƙara shekara guda ta hidimar ƙasa, wataƙila a wani ƙauye da ba shi da abokin atisaye. Wanda ya dakatar da horo a tsawon wannan lokaci ya ba da mafi kyawun shekarun jikinsa. Wannan ne ya sa nake gaya wa yara cewa sana'ar ba ta jiran ranar yaye ɗalibai, tare da karatun ake fara ta.

To, idan haka ne, me ya rage wa jami'a? Na fara ganin amsar ne a wani darasi da ban ɗauke shi da muhimmanci ba a lokacin, wanda ya shafi sassan jiki da yadda suke aiki. Malaminmu yakan jera mu ya ce mu yi tsalle a wuri ɗaya, duk wanda ya ji ƙarar saukarsa ya sake. Daga nan sai ya durƙusa gaban mutum, ya ɗora yatsa a kan ƙoƙon gwiwarsa, ya nuna masa yadda gwiwar take faɗawa ciki a duk lokacin da ya sauka, alhali ya kamata ta bi saitin yatsun ƙafa. Ya bayyana mana cewa sauka tana farawa ne daga yatsu, ta bi tafin ƙafa zuwa diddige, gwiwa ta lanƙwashe ta karɓi nauyi, kuma wanda ya saba sauka da ƙafa a sandare a kan siminti jijiyar gwiwarsa da ƙashin bayansa ne suke biyan kuɗin. A Legas kusan kowa a kan siminti ko tayil yake atisaye, a farfajiyar makarantar firamare ko a ƙarƙashin rumfa, domin daɓen katako mai ɗan lotsawa, wanda aka yi don rawa, wurare ƙalilan ne suke da shi. Na san samari masu baiwa da suka bar rawa kafin shekara talatin saboda targaɗen da aka yi ta ɗaurewa da bandeji ana shafa man zafi ana komawa fili. Wanda ya san yadda ake ɗumama jiki, da bambancin gajiyar tsoka da ciwon jijiya, da lokacin da ya kamata ya ce ba zai taka ba yau, ya ƙara wa sana'arsa shekaru.

Darasi na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar karatun, shi ne tsara rawa. Mutane suna ɗauka cewa wanda ya iya rawa ya iya tsara ta, amma ayyuka biyu ne dabam. An taɓa ba mu aikin ɗaukar wata rawa ta gida mu ɗora ta a dandamali cikin minti biyar, ni kuwa na zaɓi gaɗa, saboda na ga 'yan mata suna yin ta a garinmu idan mun je hutu. A dandali, 'yan matan sukan yi rabin da'ira suna tafi suna amshi, ɗaya ta fito tsakiya ta ba da waƙa, ta juya ta faɗo da baya, su tare ta su cilla ta, ta dira, wata ta fito. Babu mai kallo da aka tanadar wa kujera, babu gaba babu baya, kuma ba ta da lokacin tashi sai an gaji ko an kira su gida. Da na ɗora ta a dandamali sai tambayoyi suka taso ɗaya bayan ɗaya. Idan suka fuskanci juna, 'yan kallo bayansu za su gani. Idan na buɗe da'irar suka fuskanci 'yan kallo, mai faɗowa da baya ta rasa masu tare ta a inda ta saba samunsu, amanar da take riƙe da rawar kuma ta zama ado kawai. Idan kowace ta fito bi da bi kamar yadda ake yi a gida, kafin ta huɗu ta fito mai kallo ya gane abin da zai biyo baya, hankalinsa ya tafi. Dole na yanke shawarar inda zan karkata da'irar, wadda za ta fara, inda za a rage sauri, da yadda za a fita. Malamin bai tambaye ni ko rawar ta yi kyau ba, tambayarsa ita ce me na cire, me ya sa na cire shi, kuma wa zai yi hasara da cirewar.

Irin waɗannan tambayoyi su ne suka fuskanci duk wanda ya taɓa kai rawar gargajiya gaban fitilu, tun daga waɗanda suka shirya raye-rayen FESTAC a 1977, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka gina Babban Gidan Wasa na Ƙasa da ke Iganmu dominsa, har zuwa Hubert Ogunde, wanda ya zagaya ƙasa yana zaɓo masu rawa da makaɗa don kafa ƙungiyar wasa ta ƙasa kafin rasuwarsa a 1990. A jami'a ne ɗalibi yake samun sararin karanta yadda suka warware su, da yadda aka warware su a Gana, inda Mawere Opoku da Kwabena Nketia suka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a cikin jami'a a 1962, da kuma Senegal, inda Germaine Acogny ta gina tsarin horo na zamani a kan motsin raye-rayen Afirka ta Yamma. Akan kuma gabatar da shi ga hanyoyin rubuta rawa a takarda, irin wadda Rudolf Laban ya wallafa a 1928. Gaskiya kaɗan ne suke amfani da wannan rubutu a yau da kowa yake da kyamara a aljihu, amma koyonsa yana tilasta wa mutum ya rarrabe motsi zuwa nauyi da lokaci da wuri da alkibla, kuma wanda ya iya rarrabewa shi ne yake iya gyara wa wani kuskurensa da baki, ba sai ya ce masa kalle ni ka yi ba.

A nan ne ɗan Bahaushe yake da wata dama da bai cika lura da ita ba. Duk wanda ya halarci taron kamfani ko bikin al'adu na makaranta a Legas ya san jerin: a yi bata ta Yarabawa, a yi atilogwu ta Ibo, wataƙila a yi swange ta Tibi, sannan a sanar da rawar Hausa da Fulani a dunƙule. Sai ka ga an fito da 'yan mata da ƙwarya a ka, samari da sanda a kafaɗa da malfa, ana taka wani abu mai kama da koroso, makaɗin kuma yana buga gangar Yarabawa da iyakar abin da kunnensa ya kama. Ba na zargin yaran, abin da aka koya musu ke nan, wanda ya koya musu ma a bidiyo ya gani. Koroso kanta, yadda ƙungiyar Gidan Ɗan Hausa ta Kano ta shahara da ita, rawa ce mai wahala da ake yi bibbiyu, da kacau-kacau a ƙafa da lanƙwasa jiki da ɗaukar juna, kuma ita ɗaya ce daga cikin da yawa. Raye-rayenmu da dama a jikin sana'a suke: mahauta suna da tasu da kalangu, manoma suna da tasu da gangar noma, 'yan tauri da mafarauta kowa da takensa, ga takai da maza suke yi a da'ira suna haɗa sanduna a daidai bugun ganga, ga amada ta mata da kiɗan ƙwarya. Kowace tana da tsayuwarta, da inda nauyin jiki yake sauka, da abin da makaɗi yake faɗa da ganga wanda mai rawa yake amsawa da ƙafa.

Ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa yana iya zama gaban tsohon makaɗi, ko a Kano ko a nan zangon Agege, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambaye shi sunan kowane take da wanda ake yi wa shi, ya fahimci kirarin da yake cikin kiɗan. Abokan karatunsa ba za su iya wannan ba sai da tafinta. Kundin bincike na shekarar ƙarshe, wanda da yawa suke ɗauka a matsayin wahalar da za a sauke, dama ce ta yin wannan aiki a ƙarƙashin kulawar malami, a fito da shi a rubuce da kuma a dandamali. Ba don kishin al'ada kaɗai nake faɗar haka ba. A garin da dubban matasa suke gasa a kan rawa iri ɗaya ta bidiyon waƙa, wanda ya mallaki abin da babu mai shi, ya kuma iya tsara shi ya bayyana shi, shi ake nema da suna.

Duk wannan bayani ba ya wuce ƙofar gida da sauƙi, kuma ba na ganin daidai ne a yi kamar matsalar jahilcin iyaye ce. Lokacin da ɗan yayata ya nuna sha'awar wannan karatu, mahaifiyarsa ta kira ni ta ce, "Yanzu kai da hankalinka za ka ce in biya kuɗin makaranta shekara huɗu yaro ya fito maroƙi? A danginmu wa ka taɓa gani da ganga a kafaɗa?" Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri ki bari in gaya miki abin da ake koyarwa, in ya so sai ku yanke shawara ke da babansa." Maganarta tana da tushe. A tsarin zaman Hausawa kiɗa da rawa don a biya aikin wasu gidaje ne da suka gada, ana jin daɗinsu a biki, ana yi musu kyauta, amma ba kowa ne yake ba su aure ba. A kan wannan ga matsayin addini, inda malamai da yawa suke da magana mai ƙarfi game da cuɗanyar maza da mata da bayyana jiki, abin da har yau ake ja-in-ja a kansa a finafinan Hausa na Kano. Kuma gaskiya ce cewa a sashen wasan kwaikwayo maza da mata tare suke atisaye, sau da yawa da dare saboda da rana ana aji, akwai suturar da wasa zai bukata wadda ba kowa zai yarda ya sa ba, darussan aikace kuma tilas ne, da maki a kansu. Ga 'ya mace Bahaushiya nauyin ya ninka.

Abin da na gaya wa yaron shi ne ya san iyakarsa tun kafin ya shiga, ya kuma faɗe ta da ladabi tun a makon farko, kada ya jira sai an raba matsayi a wasa sannan ya ce ba zai yi ba. Ya ce, "Kawu, idan suka ƙi fa?" Na ce masa a abin da na gani, malamai sun fi sauraron ɗalibin da yake zuwa atisaye a kan lokaci, ya fi kowa aiki, sannan ya nemi a canza masa abu ɗaya, fiye da wanda bai taɓuka komai ba sai ƙorafi. Haka kuma a kasuwa akwai aikin da mutum zai ƙi karɓa, kamar na gidajen rawa na dare da wasu bidiyoyin waƙa, kuma ƙin yana rage kuɗin shiga, babu amfanin ɓoye wannan. Digiri yana taimakawa a nan ta wata hanya mai sauƙi, domin yana buɗe ayyukan da mutum zai yi da rana da cikakkiyar sutura, ya kuma ba iyaye sunan da za su iya faɗa a gaban dangi idan an tambaye su me ɗansu yake yi.

Kasuwar Legas kuwa kashi biyu ce, kuma takarda a kashi ɗaya kawai take magana. A wurin tantance masu rawa don bidiyon waƙa, ko manyan wasannin mawaƙa na watan Disamba, ko wasannin kiɗa da rawa da ake yi a Terra Kulture da cibiyar MUSON ta Onikan, ba wanda zai tambaye ka inda ka yi karatu. Za a nuna maka taku sau biyu ko uku, a kunna kiɗa, a ga ko ka ɗauka. Kafayat Shafau, wadda aka fi sani da Kaffy, sunanta ya fito ne daga gasar rawa ta 2006 da ta shiga kundin Guinness, sannan ta gina kamfani a kan sunan. Shaku-shaku, wadda ta mamaye bidiyoyi a wajajen 2018 har ta kai ƙasashen waje, daga titunan Agege ta fito, daga yaran da ba su taɓa shiga ajin rawa ba. Sai dai a tambayi nawa ne daga cikin waɗannan yara suka ci moriyar abin da suka ƙirƙira. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta amince da tsararriyar rawa a matsayin aikin da ake mallaka idan an adana ta a rubuce ko a ɗauke, ta kuma ba mai wasa haƙƙi a kan ɗaukar wasansa, amma wanda bai san da dokar ba, bai iya karanta yarjejeniya ba, zai karɓi kuɗin mota da na abinci ya tafi, a ci gaba da sayar da hotonsa shekara da shekaru. Darasin gudanar da gidan wasa, wanda masu rawa suka fi gudu, a nan yake biyan mai shi: yadda ake lissafin kasafi, yadda ake rubuta takardar neman tallafi, yadda ake sa sharaɗin rabin kuɗi kafin a fara atisaye.

Kashi na biyu shi ne inda ba a shiga sai da takarda. Hukumomin al'adu na jihohi da na tarayya suna ɗaukar mai digiri a matakin albashi na 8, wanda ba shi da ita kuma ko ya fi kowa iya taku a ƙasa zai fara, a ƙasa kuma zai daɗe. Makarantu masu zaman kansu a Ikoyi da Lekki da Ikeja suna neman malaman rawa da wasan kwaikwayo, kuma wanda ya ƙara difloma ta koyarwa a kan digirinsa ya samu albashin wata-wata da zai riƙe shi a watannin da babu wasa, waɗanda suke da yawa. Digiri na biyu a ƙasar waje, da koyarwa a jami'a, da shugabancin ƙungiya ko biki, duk ta wannan ƙofa ake bi. Waɗannan su ne ayyukan da suke saura a hannun mutum ranar da gwiwa ta ce ta gaji.

Ban ce kowa ya tafi jami'a ba. Yaron da yake da baiwa ta fitar hankali, ya kuma samu gurbi a makarantar horo ta gaske, ko École des Sables ta Acogny da ke Toubab Dialaw a Senegal ko wata a Turai, shawarata ita ce ya tafi yanzu, karatun digiri yana iya jiransa, har ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ana yin sa daga baya. Wanda kuma iyayensa ba za su iya ɗaukar nauyin karatu da kuɗin sutura da kayan wasa da ake karɓa kusan kowane zango ba, ya yi lissafi da idon basira, ya haɗa da kuɗin mota, ko da yake jirgin ƙasa na jan layi da ya fara aiki a 2024 ya sauƙaƙa tafiya daga Agege zuwa Yaba ga wanda bai samu ɗakin kwana a Akoka ba.

Ga wanda ya yanke shawarar shiga, kada ya zaɓi sashe daga sunan jami'a ko daga abin da aka rubuta a shafinta. Ya ɗauki ƙafa ya je. Ya nemi ɗakin da ake darasin rawa ya dubi daɓensa, ya tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe malamai nawa ne fanninsu rawa ne kuma ko har yanzu suna tsara aiki a waje, ya bincika ko da makaɗa ake darasi ko da lasifika, ya tambaya ko ana barin ɗalibi ya gabatar da rawar da ya tsara a matsayin aikinsa na kammalawa. Idan lokacin wasannin ƙarshen zango ne, ya sayi tikiti ya zauna ya kalla har ƙarshe, sannan a hanyarsa ta komawa ya tsaya a Bariga ko wata unguwa mai ƙungiya ya tambayi ƙarfe nawa suke fara atisaye da kuma ko suna karɓar ɗalibin jami'a.